Konfitir na gida da tsarabar hanyar Tawa: a saya ko a bari?

Maman Nafisa:
Salamu alaikum ƴan zaure, ya muka ji da zafi? Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar. Yanzu duk inda mutum ya leƙa a Yamai, daga butik na unguwa har rumfunan Wadata, sai ya ga ƴan kwalaben konfitir, wato dafaffen ɗiyan itace da sukari na shafa wa burodi, da mata ke yi a gida: na mangwaro, na gwaba, na bisab (zoɓo), har da na tsamiya da na kuka. Wasu da takarda manne a jiki, wasu ko suna babu. Yarana ba su cin burodi gaya da safe, na kanti kuma tun da aka rufe iyakar Benin kuɗinsa ya fi ƙarfina. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan tafi Tawa biki, an ce can ma akwai masu yi. Abin nan ana iya ba yara hankali kwance? Kuma me ya cancanci a saya a ƙananan kasuwannin hanya, in ba a so a dawo da tsarabar da za a zubar?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni na daɗe ina sayen na gwaba wurin wata baiwar Allah a Yantala. Ba mu taɓa ganin komai ba sai alheri. Yaran ma yanzu in an kawo na kanti cewa suke ba ya ƙamshi.

Alhaji Ɗan Katako:
Maman Nafisa, ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Abin da ban san wanda ya yi shi ba, ban san ranar da aka yi shi ba, ni ba na kai wa iyalina. Kwalaben nan da kike gani, yawancinsu na mayonez ne da yara ke tsintowa su kawo mana nan kasuwar Katako, da idona nake ganin masu zuwa saye buhu buhu. An wanke? An tafasa? Allah masani. Sannan a zuba abu mai zaƙi a ciki, a jera a rumfar kwano cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Na kanti ko ya yi tsada, an rubuta komai a jikinsa.

Tanti Rabi:
Alhaji, ina gaisuwa. Ni mai yi ce, nan Tawa, ni da matan ƙungiyarmu, kuma ban ji haushin maganarka ba don batun kwalbar mayonez gaskiya ne. Sabuwar kwalba sai an kawo daga waje, in ka ɗora kuɗinta bisa kaya ba mai saye. Amma kwalba ba ita ce abin tsoro ba. Gilashi ne, in an wanke da sabulu aka tafasa shi minti 10 cikin ruwa, ba abin da ya rage a jikinsa. Murfi ne abin dubawa. Wanda ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko robar cikinsa ta mutu, ba ya tare iska. Mu kwalba tsohuwa muke sawa, murfi sabo. Wadda ta yi rowar kuɗin murfi, kayanta ne za a buɗe a tarar da fumfuna a sama.

Maman Nafisa, in kin ɗauki kwalba ki danna tsakiyar murfin da babban yatsa. In an zuba konfitir da zafinsa aka rufe nan take, murfin zai lotsa ciki da kansa bayan ya huce, in kin danna ba zai motsa ba. In ya yi ƙas ƙas yana hawa yana sauka, ajiye musu abinsu. Sannan ki karkata kwalbar. Ya kamata ya taho a hankali, ba ya kwararo ba. In kin ga ƴan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ya fara tsami ke nan.

Maman Nafisa:
Tanti na gode, wallahi ban taɓa sanin batun danna murfi ba.

Malamin Gona:
Bari in sa baki, tunda aikina ne bin manoma da masu sarrafa amfanin gona. Babban abin da ke tsare konfitir daga lalacewa shi ne sukari. Ba don zaƙi kaɗai ake zuba shi da yawa ba. Yana kame ruwan da ke cikin ɗan itacen ne, ƙwayoyin cuta su rasa ruwan da za su rayu da shi. Ƙa'idar da ke cikin kundin Codex, wanda ƙasashe ke bi wajen cinikin abinci, ita ce bayan an gama dahuwa sukarin da ke ciki ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100. Mai ma'aunin zafi tana gane an kai wurin in tukunya ta kai digiri 104 ko 105. Wadda ba ta da shi sai ta ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi ta tura da yatsa, in ya tattare ya yi.

Bayan sukari sai tsami. Nunannen mangwaro ba shi da tsami sosai, shi ya sa dole a matsa masa lemun tsami, don ya kama jikinsa kuma miyagun ƙwayoyi su kasa tsira. Gwaba da bisab da kuka su kam Allah ya hore musu wani sinadari da ake kira pektin, shi ke sa su daskare da kansu. In za ki fara saye wurin wadda ba ki sani ba, fara da na bisab ko na tsamiya, tsaminsu na kansu ne, sun fi wuyar ɓaci. Na gwanda da na kankana sai gwana.

Wani abu kuma da nake gani kullum: wanda masu saye ke yabo suna cewa “wannan bai cika zaƙi ba”, shi ne ya fi saurin lalacewa. Wata ta rage sukari don a yaba, wata don ta rage kuɗin kashewa, ƙarshen duka ɗaya ne in ba firigo.

Malamar Asibiti:
Kashi 60 ɗin nan nake so kowa ya riƙe. Masu ciwon sukari suna zuwa mana suna cewa ai na gida ne, ɗiyan itace ne zalla. A'a. Fiye da rabin abin da ke cikin cokalin sukari ne, na gida ne ko na kanti. Yaro mai lafiya a shafa masa cokali ɗaya a burodi ba laifi, amma ba ya tsaya masa a madadin mangwaron da zai sha ɗanye, don doguwar dahuwa tana cinye bitamin C mai yawa.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro a rumfunan nan ba konfitir ba ne. Kwalaben miyar tumatir da tattasai da albasa ne, waɗanda ake rufewa da mai a sama. Ba sukari, tsamin kuma bai isa ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira inda babu iska, gubarta tana shanye jiki har ta hana numfashi, kuma ba lallai wari ko launin abincin ya canza ba. In murfi ya kumbura kar a ɗanɗana, kar a ba ko kaji. Saboda wannan ƙwayar ce ma muke hana a ba jariri zuma kafin ya cika shekara 1.

Ɗan Adar:
Ku dai ƴan Yamai da burodinku! Hajiya, za ki taho Adar lokacin da anka hwara kwashe albasa, kina tambayar abin shahwawa ga burodi? Yanzu take arha. Daga Maris zuwa Afrilu kowa son kuɗɗi shikai ya biya bashin taki da na man injin ban ruwa, sai a zuba ta kasuwa gaba ɗaya. Wanda ke da hali ya sa tashi cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, ya jira damina ta wuce, lokacin buhu ya ninka kuɗɗinshi har ya hi haka. Ki zaɓi madaidaiciya wadda wuyanta ya bushe, ɓawon na ƙara in kin taɓa. Manyan nan masu kyan gani taki ne da ruwa sunka kumbura su, ba su jimawa. In kin kai gida kar ki bar ta cikin buhu, ki baza ta inuwa inda iska ke shiga.

Uwar Biyu:
To ai sai ta tsaya Galmi ta sayo mana mu ma.

Ɗan Adar:
Mai zuwa Tawa ba ya bi ta Galmi, Yaya. In kun wuce Doso, kun wuce Dutsi, kun wuce Ƙonni, a Tsarnawa za ku karkata arewa, ta Badagishiri. Galmi na gaba, bisa hanyar Madawa da Maraɗi. Amma ba ta rasa komai ba, Tsarnawa kanta matattarar albasa ce, manyan motoci daga nan suke lodi zuwa Gana da Kodibuwa. Ƴar Galmi iri ce, ana noma ta duk kwarin Maggiya da Tarka. Har rajista anka yi ma sunan a hukumar OAPI mai kare haƙƙin sunayen kaya, ita da kilishin Nijar, don a bar ɗora shi bisa albasar wani wuri.

Sannan ta nemi gabu da kauɗar tumatir. Tumatirin da ya yi yawa cikin ɗari, wajen Dogarawa, shi ne mata ke yankawa su shanya. Ki ɗebo ki murza a tahin hannu, in kin ji yashi a ƙasa anka shanya ta. Mai kyau ja ce mai duhu, ba baƙa ba. Tiya guda za ta riƙe miki miya cikin damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke gagarar talaka.

Gwaggo ta Dutsi:
Ƴaƴana, jikata ke karanta mini maganganunku ina dariya. Dafa ɗiyan itace har su yi kauri ba Bature ya kawo mana shi ba. Maɗin ɗinya fa? A jiƙa ɗinya, a murje, a tace, a ɗora ruwan bisa wuta har ya yi baƙi ya yi danƙo, ko ƙwayar sukari ba a sawa. Daga shi ake alewa. Ga akurin magarya, da muke ci muna yara muna kiwo. Yanzu duk an bar su ga tsofaffin ƙauye, sai an zuba abu cikin kwalba ku ce ya yi daraja. Ke Maman Nafisa, in motarku ta tsaya Dutsi ki sayi beruwa. Ta wake ce, an turara an shanya, tana watanni ba ta yi komai ba. Ranar da kika gaji ki turara ta, ki sa mai da yaji da albasa, yara sun ƙoshi.

Malamin Gona:
Gwaggo ta yi gaskiya, kuma dalilin daɗewar maɗi shi ne wanda na faɗa ɗazu. An ƙone ruwan ne har zaƙin ɗinyar kanta ya taru ya yi yawa.

Ɗiyar Abalak:
Arawa da wake! Gwaggo, ke da kike baiwata, ki tuna da beruwa ki manta da cukun uwargijiyarki? Maman Nafisa, wanda ya je Tawa ya dawo ba cuku bai je ba. Ki ɗauki wanda ya bushe sosai in ajiya kike so, mai laushin nan na ci yau da gobe ne. Kar ki yarda a ƙulle miki shi cikin leda, gumi zai yi kafin ki kai Doso. A naɗe a takarda ko tsumma mai tsabta.

Gwaggo ta Dutsi:
Ji Bafillatana da baki. In ba don geronmu ba, da me za ki dama nonon naki?

Alhaji Ɗan Katako:
Na ji bayanin Malam da na Malama. Amma a zo batun kuɗi, don nan gizo ke saƙa. Ƴar kwalba jikka ɗaya da rabi, a lokacin da mangwaro ke ruɓewa a kasuwar Jamaje ana roƙon mutum ya ɗauka? Abin da bai biya kuɗin jirgin ruwa ba, bai biya duwan (kwastan) ba, me ya sa zai kusa kamo kuɗin wanda ya taho daga Faransa ko Turkiyya?

Tanti Rabi:
Alhaji kai ɗan kasuwa ne, zo mu yi lissafi. Mangwaro shi ne mafi arha cikin abin da ke kwalbar. In na sayi kilo 2, bayan an fere an cire ƙwallo, abin da zan tsira da shi kilo 1 ne da ɗan wani abu. Kowane kilo 1 na tsokar yana cin sukari giram 700 zuwa 800. Sukarin nan ba a Tawa ake yinsa ba, shi ya hau jirgin ruwan, shi ya biya duwan ɗin, kuma ka fi ni sanin hanyar da kaya ke biyowa yanzu, ta Lome da Burkina ko ta Najeriya. Sai gaz, don in an dafa da itace hayaƙi na kama shi kuma wutar ba ta daidaituwa. Sai murfi, lemun tsami, kuɗin mota. Ana dafawa ruwa na tafiya, abin na raguwa. Ƙarshe ƙananan kwalabe 4 ne ke fita daga wannan kilon. Tsayuwa bakin tukunya da muciya a wannan zafin ban ma sa shi cikin lissafi ba.

Wanda ke ruɓewa a kasuwa kuma ba shi muke saye ba, ruɓaɓɓe ɗaya na ɓata tukunya. Wanda aka nuka da karbi, sinadarin da ake sa wa ɗanye ya nuna da wuri, shi ma ba ya yi, waje ya yi ja, ciki ba zaƙi ba ƙamshi. Garake muke bi mu sayi wanda ya nuna a bisa, mai aure, marar zare. Masana'antar can kuma tana sayen sukari tan tan, mu buhu ɗaya muke haɗa kuɗi mu saya, daga asusunmu na Mata Masu Dubara, irin wanda aka faro a Maraɗi tun 1991. Ta ina kuɗinmu zai zo ɗaya da nasu?

Ɗalibin Harobanda:
Abin da ke ba ni haushi ke nan, Baba Alhaji. Mutum ya shiga babban kanti a Plato, ya ga kuɗi rubuce, ya biya ko tari bai yi ba, har ya bar wa mai gadi canji. Ya fita hanya ya ga tsohuwa da ƙwaryar magarya ko tulin gwaba, sai ya tsaya yana jayayya a kan dala biyar. Ana ta cewa mu ci abin da muka noma, amma a baki kawai.

Alhaji Ɗan Katako:
Ɗana, ciniki ba zalunci ba ne, haka muka tarar da kasuwa. Tsohuwar ma in ba ka taya ba sai ta raina wayonka. Kishin ƙasa kuma ban hana ba, amma mai albashi ɗaya da baki goma a gida aljihunsa yake fara tambaya. In kana son a sayi na gida, na gida ya zo da abin da zai sa a saya. Ba a ce mini in saya don tausayi ba.

Uwar Biyu:
A nan kam ina bayan Alhaji kaɗan. Ƴan tallan bakin hanya su ma ba su bar wayo ba. Da sun ga ka sauko daga kar, wato bas, mai sanyi, kuɗin ya canza. Sama na tulin kyawawa, ƙasa kuma sai ka isa gida.

Ɗan Adar:
Wannan laihin mai saye ne da son sauƙi. Bakin hanya na matahiyi ne mai minti biyar, kowa ya san haka. Kasuwa ranar cinta ake shiga, kuma ciki ake shiga, inda mutanen ƙauye ke zaune da kayansu, ba bakin ƙohwa inda ƴan sari ke tare mutane ba. Badagishiri Alhamis take ci, Tawa Lahadi. In bikin ya kama ƙarshen mako Hajiya ta kwana ta ga Lahadin. Ku na Yamai ma ga Balleyara nan kusa da ku, ita ma Lahadi, amma sai ku zauna ku jira ɗan sari ya kawo muku ku yi ta kuka da tsada. Ki tahi da sahe, kuma ki tahi da ɗiyar gari, in sun ji Hausarta ba a ƙara miki ko tamma.

Baban Walid:
Zuma fa? Yaya ake gane ta gaskiya? Ni an ce a tsoma ashana a ƙyasta.

Malamin Gona:
Gwajin ashana ba ya nuna komai, sukarin da aka dafa ya yi kauri ma yana cin wannan jarrabawar. Kuma in zuma ta daskare ta yi tsaki tsaki ba alamar haɗi ba ce, ta gaskiya ma tana yin haka. Ka saya da saƙarta, ko wurin mai amya da ka sani.

Mu koma kan maganar Alhaji ta farko, don ba a amsa masa ba. Ya ce bai san wanda ya yi ba, bai san ranar ba. Nan kam yana da gaskiya, Tanti. Uwar Biyu tana saye hankali kwance don ta san gidan mai yi, in wani abu ya faru ta san ƙofar da za ta buga. Matafiyin da ya tsaya butik a garin da ba nasa ba fa? Takardar jikin kwalbar ce kaɗai za ta gaya masa. Ba sai an kai ga tambarin ANMC ba, hukumar da ke ba kaya shaidar inganci, ko da yake can ya kamata mai son girma ta dosa. Sunan mai yi, garinta, lambar wayarta, abin da ke ciki, ranar da aka dafa. Ko da biro aka rubuta aka manna. Wadda ta sa lambarta a jikin kwalba ta yarda a kira ta a yi mata faɗa ke nan, ita kuwa ba za ta sa tsohon murfi ba.

Tanti Rabi:
Suna da lamba muna sawa, Malam. Rana ce wasu cikinmu ba su so, kuma zan gaya maka dalili. Mai butik in ya ga kwalba ta yi wata 4 sai ya ce a zo a kwashe, ta tsufa, alhali in an yi ta daidai ba a buɗe ba tana shekara lafiya lau. Na kanti kuma da ya yi wata da watanni a hanya ba ya cewa komai, don su ranar ƙarewa suke nunawa. Batun kai kaya Yamai a auna kuma, tsakaninmu ya fi kilomita 500, mu kuwa abin da muke dafawa a wata bai taka kara ya karya ba.

Malamin Gona:
To ku rubuta duka biyun, ranar dahuwa da ranar ƙarewa. Ɓoye ranar ba zai sa mai butik ya yarda da ku ba, sai dai ya sa irin su Alhaji su wuce.

Ɗalibin Harobanda:
Ni abin da na lura, a baje kolin SAHEL na kayan noma da kiwo a Palais du 29 Juillet na Yamai za ka ga kaya masu kyau, kwalabe da takardu tsaf, daga Damagaram, daga Agadas, daga Gaya. Lemun Timiya, garin magarya, man aduwa, busasshen mangwaro. Ka saya ka ji daɗi, a tashi daga baje koli, shi ke nan sai wani baje kolin. Ba ka san butik ɗin da za ka same su ba. Mai saye na nan, mai yi na nan, tsakiyar ce babu kowa.

Maman Nafisa:
Allah ya saka da alheri, na cika takarda da rubutu. Saura abu ɗaya. In na saya yaya zan taho da su cikin kar, kuma in an buɗe kwana nawa yake yi? Unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa a wannan lokacin.

Tanti Rabi:
Kar ki sa su cikin jakar kaya a jefa ƙarƙashin mota. Ki samu bokiti mai murfi, ki jera su a tsaye, ki cusa tsumma tsakaninsu. In an buɗe kuma lissafi ya canza, iska ta shiga. A firigo mai wuta yana kai wata guda. In wutar ba ta tsayawa, ki sayi ƙananan kwalabe waɗanda yara za su cinye cikin mako, ki ajiye gindin randa bisa jiƙaƙƙen yashi. Babban mai ɓata shi cokali ne. Yaro ya lasa ya mayar, ko a ɗebo da wuƙar da aka shafa bota. Cokali busasshe, a ɗiba a rufe. In fumfuna ta fito kar ki kwashe sama ki ci ƙasa, zubar duka, ki ajiye mini kwalbar. Duk wadda aka dawo mana da ita muna rage dala ashirin.

Alhaji Ɗan Katako:
Yaron nan na Harobanda ya faɗi magana, tsakiyar ce babu kowa, tsakiyar kuwa aikinmu ne. Ina da ɗan'uwa mai butik a Wadata, da firigo da komai. Tanti, in kun sa ranakun nan biyu, ku aiko kwali ɗaya ta kar, rabi bisab rabi mangwaro, a gwada. Amma kuɗi sai an sayar.

Ɗan Adar:
Tanti kar ki yarda! “Sai an sayar” ɗin nan ita ta kwantar da manoman albasa da yawa a garinmu. A loda buhunanka a tahi Kumasi, bayan wata biyu a bugo maka waya a ce rabi ya ruɓe a hanya, kasuwa ta hwaɗi. Wa za ka kama?

Alhaji Ɗan Katako:
Haba Ɗan Adar, Wadata ce fa ba Kumasi ba. In na biya gaba ɗaya kayan suka zauna, asarar wa?

Tanti Rabi:
Alhaji, mai sukari ba ya ba mu bashi, kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, na asusun mata ne, duk Juma'a ake ƙirga shi gaban kowa. Rabi a hannu ta Nita, kamfanin aika kuɗi, kafin kwali ya hau mota, rabi bayan wata ɗaya, abin da bai fita ba kuma murfinsa na nan lafiya mu karɓi abinmu. Kuɗin kar ɗin zuwa naka, na dawowa namu. In ka yarda in kai wa mata maganar ranar Juma'a.